Tutar da Ba Ni Na Kafa Ba

Talata ce, bakwai ba ta cika ba,
a-kori-kura ta tsaya bakin titi:
mutum uku, malafa uku, inji uku,
ruri ya tashi kafin kofina ya huce.
Nan Fresno rana ba ta jiran kowa,
su ma ba sa jiran in wartsake.

Shekara biyu ban san sunan ko ɗaya ba.
Ambulan nake ajiyewa ƙarƙashin tukunyar fure,
su ɗauka su wuce, in leƙa ta labule
in ga an yi wa ciyawa aski tas,
kamar ƙeyar ɗan makaranta ran Litinin.

Sai ranar da suka aske abin da ba ciyawa ba.
Gefen shinge, inda famfo ke ɗiga,
Rosalind ta dasa ɗan rumman
a watan da likita ya daina kallon idonta.
Bai kai gwiwata ba. Ganye goma sha ɗaya,
na ƙirga, don ba ni da aikin da ya fi.
Na fito da silifas ƙafa ɗaya,
na tarar da kututture kamar tsinken sakace.

Abin da na faɗa ba zan rubuta ba.
Na yi da Turanci, na yi da hannu,
har maƙwabciya ta rufe tagarta.
Babbansu ya kashe inji, ya cire malafa,
ya riƙe ta a ƙirji kamar mai ta'aziyya.
Yaron da ya yi yankan ya kafe takalminsa da ido.
Ba su ji yaren ba, amma sun ji.
Ni kuwa na koma ɗaki da nasara
mai ɗaci kamar maganin zazzaɓi.

Dare ya tsare ni da tambaya:
wa ka taɓa nuna wa?
Mai yankan ciyawar gida ashirin kafin la'asar,
ina zai san wane ganye ne amana?
Laifin wuƙa ne, ko na bakin da ya yi gum?

Na sayo jajayen tutoci a shagon kayan gini.
Talata na riga su fitowa,
da kular ruwa, ƙanƙara da lemun tsami.
Na nuna ƙirjina: Halloran.
Ya nuna nasa: Eusebio.
Yaron Nazario ne, ɗan ƙanwarsa,
na ukun Chepe, dariya ce maganarsa.
Muka zaga gidan, ina kafa tuta,
yana gyaɗa kai, wani wurin ya girgiza:
wannan fa ciyawa ce, tsoho, rabu da ita.
Na sakar masa biyu. Ya bar min ɗaya.

Har gobe muna da 'yar tsamarmu.
Ina son ciyawa da tsayi, shi yana son ta ƙasa.
Na tsani injinsa na hura ganye,
ya tsani ban-ruwana na tsakar rana.
Ya taɓa zuwa Laraba bai faɗa ba.
Na taɓa manta ambulan, bai tambaya ba.

Tuta tara na kafa, na san lissafina.
Wata Talata cikin Maris,
bayan ƙarar motarsu ta yi nisa,
na ƙirga goma.
Ta goman tana gefen shinge, inda famfo ke ɗiga,
ba ja ba ce, tsumman riga ne a kan sanda,
an kewaye ta da ƙananan duwatsu.
Na durƙusa, gwiwa tana kuka.
Jikin tsohon kututturen, ganye biyu,
jaja-jaja, kamar kunnen jariri.

Ban san tun yaushe yaron ke duba wurin ba.
Mako mai zuwa zan tambaye shi,
in kalmomi ashirin da na koya na yarensu sun isa.
In ba su isa ba, akwai ruwan sanyi,
akwai inuwa, akwai kujeru huɗu
da na riga na fitar daga gareji.